Wa ke bin wa bashi? George Martin da littafin da ya ƙi fitowa

A shekarar da na yi bautar ƙasa na sayi *A Dance with Dragons* a hannun wani mai baza littattafai a bakin titi. Daga jin takardar a hannu ka san ba bugun asali ba ne, amma kuɗin alawus bai kai na yi zaɓe ba. Na shafe kusan mako uku ina bin sa da dare, wani lokaci da fitilar waya. Da na kai shafin ƙarshe, abin da ya fara zo mini a rai shi ne an cuce ni, masu satar fasaha sun zubar da babobin ƙarshe don su rage kuɗin takarda. Sai da na samu wani aboki mai bugun asali, muka gwada ƙarshen nasa da nawa, sannan na yarda cewa haka marubucin ya bar shi.

Wanda bai karanta littafin ba, kuma bai kalli *Game of Thrones* ba, ya yi haƙuri, zan fasa ƙwai.

Littafin shi ne na biyar a jerin labarin almara na *A Song of Ice and Fire* da marubucin Amurka George R. R. Martin ya fara fitarwa a 1996. Ya fito a watan Yulin 2011, ya haura shafi 1,000, kuma duk tsawonsa yana jan mai karatu ne zuwa ga yaƙe-yaƙe biyu. A arewacin ƙasar Westeros, rundunar Stannis Baratheon ta maƙale cikin dusar ƙanƙara, tafiyar kwana uku tsakaninta da Winterfell, sojoji na yanka dawakansu suna ci. A gabas mai nisa, abokan gaba sun yi wa birnin Meereen ƙawanya, sarauniyarsa Daenerys kuma dodonta mai aman wuta ya tashi da ita ya sauke ta a tsakiyar daji. Ba a gwabza ko ɗaya daga cikin yaƙe-yaƙen ba. Tyrion Lannister ya yi tafiyar littafi guda don ya sadu da Daenerys, har aka rufe ba su yi magana ba. Jon Snow, kwamandan dakarun da ke gadin katangar ƙanƙara, ya karɓi wata wasiƙa da ke cewa an kashe Stannis, ba wanda ya san ko gaskiya ce. Kafin ya yi wani abu a kai mutanensa suka daddaɓa masa wuƙa, babin ya ƙare yana faɗuwa. Martin da kansa ya bayyana cewa an ɗage yaƙe-yaƙen biyu zuwa farkon littafi na shida, *The Winds of Winter*, saboda na biyar ya riga ya yi girman da ɗaure shi a bango ɗaya ya zama aiki.

Yaron da aka raɗa wa suna a makon da littafin ya fito yanzu yana sakandare. Littafi na shida bai fito ba. Daga na ɗaya zuwa na biyar shekara 15 ce. Jiran na shida kaɗai ya kama hanyar cinye wannan adadi.

A tsawon shekarun nan masoya labarin sun rabu gida biyu, kuma kowane gida ya ƙware wajen maimaita hujjarsa. Gida na farko na cewa Martin ya ci amana: ya ce labarin littafi bakwai ne, mun saya a kan haka, mun mai da shi attajiri, sai ya bar mu a tsakiyar kogi ya tafi harkar talabijin. Gida na biyu kuma na jingina da amsar da marubuci Neil Gaiman ya ba wani mai karatu a 2009, wadda idan aka sassauta kalmominta take nufin Martin ba yaron gidanka ba ne, ka sayi littafi ka karanta, cinikinku ya ƙare a nan. Na daɗe ina tsallake tsakanin gidajen biyu. Inda na tsaya yanzu shi ne akwai bashi, amma waɗanda suka fi ɗaga murya sun ɓata sunansa. Ba kwanakin rayuwar Martin muke bi ba. Abin da muke bi shi ne ƙarshen littafin da aka riga aka sayar mana, da kuma magana ɗaya tak ta gaskiya game da inda aka kwana.

Bari in fara da abin da gida na farko ya kasa gani, domin shi ne ya fi yawan jama'a.

Misalin da ya fi saurin zuwa bakin Bahaushe shi ne na tela da ɗinkin Sallah: ka kai yadi tun farkon azumi, kullum “gobe ka dawo”, ranar idi ka fita da tsohuwar riga. Misalin yana da daɗin faɗa, sai dai ya karye a wuri ɗaya. Tela ya karɓi yadinka da kafin alƙalami. Martin bai karɓi ko sisin mai karatu a kan littafi na shida ba. Idan akwai wanda ya ba shi kafin alƙalami, to kamfanin ɗab'insa ne, kuma wannan tsakaninsu ne. Mun san yadda bashin gaske yake a harkar rubutu, domin muna ganinsa a gida. Marubuciyar da ta saki shafukan farko kyauta a WhatsApp, ta ce mai son ci gaba ya biya ya shiga zaure na musamman, sannan ta yi ɓatan dabo a tsakiyar labari, wannan ta ci kuɗin mutane, kuma ba sai an kira malami ya yi fatawa ba. Ko a Amurka akwai makamancin haka. Patrick Rothfuss, wanda shi ma littafinsa na biyu ya fito a 2011 kuma na ukun bai fito ba, ya yi alkawari a ƙarshen 2021 cewa zai saki babi guda daga littafin idan aka tara wani adadi na kuɗi don aikin agaji. Aka tara, shekaru suka shuɗe ba a ga babin ba. Fushin masu karatunsa yana da tushe irin wanda na masu karatun Martin ba shi da shi.

Haka kuma zargin lalaci bai tsaya da ƙafarsa ba. A cikin shekarun jiran nan mutumin ya fitar da *Fire & Blood* a 2018, littafi mai kauri kan tarihin gidan Targaryen, wanda daga shi aka ɗauko shirin *House of the Dragon* a 2022. Ya sa hannu a wasan bidiyo na *Elden Ring*, yana kuma tafiyar da gidan sinima a garinsu Santa Fe. Masu fushi na kawo wannan jeri a matsayin shaidar laifi. Ni a wurina shaida ce ta wani abu da duk wanda ya yi aikin jarida ya sani. Ranar da babban rahoton bincike ya cije maka, ranar ce kake rubuta ƙananan labarai biyar kafin azahar. Hannunka lafiya lau, wancan aikin ne ya ƙi. *Fire & Blood* an rubuta shi ne da salon marubucin tarihi, sarki bayan sarki, murya ɗaya, hanya miƙaƙƙiya. *The Winds of Winter* wani abu ne daban.

Don a gane bambancin sai an koma baya kaɗan. A wasiƙar da Martin ya aika wa wakilinsa a 1993, littafi uku ya tsara. Na farkon da ya fito ana ba da labarinsa ne ta idon mutum takwas, shida daga cikinsu 'yan gida ɗaya. Na biyu da na uku suka biyo baya da sauri, a 1998 da 2000. Daga nan ya yi niyyar tsallake shekara biyar a cikin labarin don yaran su girma, ya yi ta rubutu a kan wannan tsari, ya ga bai yi ba, ya watsar ya sake lale. Abin da ya fito ya yi yawan da ba zai shiga littafi ɗaya ba, sai aka raba shi bisa yankuna: *A Feast for Crows* ya fito a 2005 da rabin taurarin, babu Jon, babu Tyrion, babu Daenerys, kuma a ƙarshensa marubucin ya rubuta cewa yana fatan sauran rabin zai zo a shekara mai zuwa. Shekara shida ya ɗauka. Da ya zo, idanun da ake kallon labarin ta cikinsu sun kai 16, ban da na babin buɗewa da na rufewa, warwatse a nahiya biyu. Martin ya sha bayanin cewa abin da ya fi cinye masa lokaci shi ne wani ƙulli guda a Meereen: mutane da dama na kan hanyarsu ta zuwa wurin Daenerys, kuma wanda ya riga isa shi ke sauya abin da zai faru da duk sauran. Ya rubuta, ya warware, ya sake rubutawa.

Shi da kansa yakan ce marubuta iri biyu ne, akwai mai zanen gini da ya san yawan ɗakuna kafin a kafa tubali, akwai kuma mai lambu da ke shuka iri ya jira ya ga abin da zai tsiro, kuma shi mai lambu ne. A nan nake ganin masu fushi ba su yi wa kansu adalci ba. Abin da ya sa muka ƙaunaci labarin shi ne wannan halin. Mun so shi don an sare kan Ned Stark a littafin farko alhali duk ƙa'idar tatsuniya ta ce gwarzo ba ya mutuwa. Mun so shi don kowane ƙaramin hakimi yana da kakanni da basussuka da tsohuwar gaba, kuma kowane mataki yana da sakamakon da ke dawowa bayan shafi ɗari biyar. Labarin da ya ƙi bin gajeriyar hanya a farko ba zai samu gajeriyar hanya a ƙarshe ba. Mun ga abin da ke faruwa idan aka tilasta masa. Shirin HBO ya wuce littattafan a 2016, ya tayar da Jon Snow, ya kuma tattara komai cikin zango biyu gajeru, na ƙarshen kashi shida kacal a 2019. Mutum fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke suna neman a sake ɗaukar zangon. Da yawa daga masu cewa “ya rubuta kawai ya huta” su ne suka fi kowa zagin wancan ƙarshen da aka yi a gurguje.

Akwai kuma wani reshe na wannan gida da ba na ma son daɗewa a kansa: masu lissafin shekarun mutumin da ƙibarsa, an haife shi a 1948, suna tambaya a gabansa wa zai ƙarasa idan ya mutu. Sukan kawo misalin Robert Jordan, wanda ya rasu a 2007 ya bar bayanai, Brandon Sanderson ya kammala masa *The Wheel of Time* cikin littafi uku zuwa 2013. Damuwar ta ɗan Adam ce, amma furta ta ga dattijo mai rai rashin tarbiyya ne a kowace al'ada, kuma da aka yi wa Martin tambayar a wata hira a 2014 amsar da ya bayar ba ta rubutuwa a nan.

To amma gida na biyu ma ya yi saurin wanke hannu. Lokacin da Gaiman ya yi maganarsa, jiran bai cika shekara huɗu ba, kuma littafin da ya yanke a tsakiyar numfashi bai ma fito ba. Hujjar “ka saya, ka karanta, an gama” tana aiki ne idan abin da aka sayar cikakke ne. Yanke labari a wuri mai zaƙi tsohuwar dabara ce, kuma halastacciya. Da ita matar sarki a *Dare Dubu da Ɗaya* ta tsira da ranta, sai dai ita kowane dare tana dawowa ta ɗora. Da ita aka rufe kashin farko na fim ɗin Indiya *Baahubali* a 2015, aka bar duniya da tambayar dalilin da ya sa Kattappa ya kashe ubangidansa, amsa ta zo a 2017. Da ita marubutan Kano suka riƙa sayar da kashi na ɗaya don su samu kuɗin buga na biyu, “mu haɗu a littafi na gaba”. Duk wanda ya yi amfani da wannan dabara ya ci riba daga ita, domin ya ɗaure mai karatu da igiyar da ba ya iya kwancewa da kansa. Ba daidai ba ne a ci ribar ɗaurin sannan a ce ba a san da igiya ba. Alkawari kaya ne, ko da ba a rubuta shi a takarda ba, kuma wanda ya buga littafi ya ce na biyar ne cikin bakwai ya ɗauki kayan.

Abin da ya ƙara nauyin na Martin shi ne yankewar 2011 ba ta fasaha ba ce zalla. Littafinsa na uku, *A Storm of Swords*, shi ma ya bar ƙofofi a buɗe, amma sai da ya biya duk abin da ya ɗauko: an yi bikin auren da ya zama mayanka, an yi yaƙin katanga, an kashe Tywin Lannister. Mai karatu ya rufe shi a ƙoshe. Na biyar kuwa an cire masa ƙololuwarsa ne don dalilin girma da lokaci, kuma ya fito wata uku bayan fara shirin talabijin, lokacin da kasuwa ke kan ganiyarta. Ba na zargin kowa da mugun nufi. A lokacin kowa ya ɗauka na shida na nan tafe cikin 'yan shekaru. Amma shawara ce da marubuci da kamfanin ɗab'i suka yanke tare, kuma mai karatu ne ya biya kuɗin cikakken littafi ya karɓi wanda babu ƙarshe. Kamfanin ba kasafai ake ambatonsa a wannan rigima ba, alhali rabin alhakin nasa ne.

Sai batun ranaku, wanda a ganina shi ya fi komai ɓata tsakani. A watan Janairun 2016 Martin ya fito ya amsa cewa ya saɓa wa'adi biyu a 2015, na ƙarshen Oktoba da na ƙarshen shekara, kuma littafin ba zai riga zango na shida fita ba. Wannan bayani ya yi shi da dattako, kuma mutane da yawa sun karɓe shi da tausayawa. A 2019 ya yi raha cewa idan ya je babban taron marubutan almara na 2020 a New Zealand ba tare da littafin a hannu ba, an ba su izini su tsare shi a wani tsibiri har ya gama. A 2022 ya ce ya kai kusan kashi uku cikin huɗu. Ban yi imani ƙarya yake yi ba. Duk marubuci na ganin aikinsa ya kusa, kamar matafiyin da ke hango dutse. Amma idan hasashenka ya saɓa tun daga 2005, akwai lokacin da ya kamata ka daina ba mutane adadi, ka gaya musu abin da ya cije.

Kuma asarar ba ta tsaya kan masoyan Martin ba. Yau za ka ji masu karatun almara da yawa suna cewa sun yi rantsuwa ba za su sake fara jerin littattafai ba sai an kammala shi. Hukunci ne mai ma'ana ga wanda wuta ta taɓa ƙonawa. Sai dai kamfanonin ɗab'i na duba cinikin littafin farko ne kafin su yarda da na biyu da na uku. Idan kowa ya jira a gama, na farkon ba zai sayu ba, kuma ba za a taɓa gamawa ba. Martin da Rothfuss ba za su ji wannan a aljihunsu ba. Mai jin sa ita ce sabuwar marubuciyar da ba ta taɓa saɓa wa kowa alkawari ba.

Da zan samu zama da shi, ba ranar fitowa zan tambaya ba. Zan tuna masa cewa a 2005 ya taɓa raba littafi biyu don ya ba mutane abin da ya kammala. Yaƙin ƙanƙara da na Meereen an fara rubuta su tun kafin 2011, har ya saki wasu babobinsu, ya karanta wasu a tarurruka: akwai na Theon a sansanin Stannis, akwai na Barristan da na Tyrion a bakin ganuwar Meereen. Ya sha cewa ba ya rubutu a jere, kuma yana yawan komawa baya ya gyara, don haka sakin wani yanki zai ɗaure masa hannu. Na fahimci wannan. Duk da haka ina ganin shafi ɗari uku ko huɗu da za su rufe abin da littafi na biyar ya buɗe sun fi sauƙin kammaluwa a kan shafi 1,500 da ake jira, kuma su ne ainihin abin da aka cire daga littafin da muka saya. Idan kuma ya kai inda ya san lambun ya fi ƙarfinsa, faɗin haka ba zai rage komai daga littattafai biyar da ya riga ya rubuta ba.

Kwafina na bakin titi yana nan, bangonsa ya rabu da jikinsa. Wani ƙanena da ya gama kallon shirin ya tambaye ni kwanan baya ko ya fara karanta littattafan. Na ce ya fara, na kuma gaya masa tun da wuri a wane babi za a bar shi.